Jeriel da Injin Mamba

Jeriel Tahisau ɗan wan babana ne, shi ya sa tun ina yarinya Yaya nake ce masa. A ƙauyenmu Waimarao aka haife shi, a gefen tsibirin Makira da ke kallon buɗaɗɗen teku, inda babu hanyar mota, jirgin ruwa ma in ya zo sai dai ya tsaya can nesa a tarye shi da kwale-kwale. Bai gama firamare ba mahaifinsa ya rasu, ya koma fasa kwakwa yana busarwa, yana kamun kifi. Baiwar da Allah ya yi masa ita ce sanin ruwa. In ya tsaya bakin teku da safe ya ga yadda igiyar ruwa ke karyewa a kan duwatsu, zai ce a fita ko kada a fita, kuma ba a cika yi masa musu ba.

Gajere ne, kakkaura, haƙoransa jajir saboda taunar goron bitel. Mutum ne mai fara'a, ba ya faɗa da kowa. Mutum ɗaya kawai na taɓa jin yana zagi, shi ne Festus Ngariwa, ɗan majalisarmu, wanda duk muke kira Mamba.

Ina budurwa aka fara zaɓen Mamba. Mutumin ɗaya ƙarshen mazaɓar ne, amma kakarsa ta wajen uwa daga garinmu aka aure ta, don haka muna ganinsa namu. A zuwansa na farko ya yi mana alkawarin hanya, da matsayar jirgi, da gyaran ɗan asibitinmu wanda guguwa ta yaye wa rufi. Ma'aikaciyar jinyar da ke wurin, Sista Rhoda Mwaera, ta daure ta ci gaba da aiki a ɗaki ɗaya da aka rufa da tamfol, har magani ya daina zuwa, aka mayar da ita babban asibitin lardi. Ba a sake turo kowa ba.

Hanya ba ta zo ba, matsayar jirgi ba ta zo ba. Abin da ya zo shi ne rabo. Gwamnati takan damƙa wa kowane ɗan majalisa kuɗin raya mazaɓa, shi yake kasaftawa yadda ya ga dama. Wannan gida ya samu kwanon rufi, wancan ya samu sola, wani tankin ruwa, wani a biya wa ɗansa makaranta. Garinmu ya samu sabon kwale-kwale mai inji. Obed, wanda shi ne shugaban kwamitin Mamba a Waimarao, ya tara mutane a gaban coci ya miƙa wa Jeriel, domin ba wanda ya kai shi iya tuƙi.

Daga ranar Jeriel ya zama motar asibitinmu. In teku ta kwanta, a fita da sassafe a isa asibitin lardi rana ta karkata. In ta tashi kuwa, sai a jira. An haifi 'ya'ya a cikin kwale-kwalen nan, an kuma mutu a ciki. Shi yake juyowa da gawa, shi yake fara hango dangi tsaye a bakin ruwa suna ƙoƙarin gane ko wanda aka tafi da shi a zaune yake ko a kwance. In ya dawo daga irin wannan tafiya ba ya cin abinci. Sai ya zauna a gindin bishiyar da ke gaban coci ya buɗe baki a kan Mamba: gidajensa na Honiara babban birni, cikinsa da ya yi gaba ya bar shi, alkawuran da ya sha yi. Kowa yana taya shi. Hatta Obed, in ba baƙo a wurin, yakan girgiza kai ya ce ai abin ya yi yawa.

Nakan tsokane shi in ce, "Yaya, kana zagin mutum kana zaune a kan injinsa."

"Injinsa?" in ji shi. "Da kwakwar gonar ubansa ya saya? Ke dai je ki duba rogonki, kada alade ya riga ki."

Ana haka Sista Rhoda ta yi ritaya, ta fito takara. Ba ta da abin rabawa. Abin da take faɗa a kowane gari shi ne za ta tsaya sai an rufa asibitoci an dawo da ma'aikata, kuɗin mazaɓa kuma za a riƙa karanta wa jama'a inda ya tafi. Rabin yaran garinmu a hannunta aka haife su. Da ta iso Waimarao a wani tsohon kwale-kwale da injinsa ke tari, Jeriel ya ce ba zai yiwu ba. Ya ɗauke ta a nasa, ita ta sayi mai, ya zaga da ita gari-gari har aka gama yaƙin zaɓe.

Matarsa Merilyn ta yi masa magana. Ta ce ya zaɓi wadda yake so a ɓoye mana, ba sai ya ɗora ta a injin mutum ya bi gaɓar teku da ita kowa yana kallo ba. Obed ma ya same shi yana wanke inji, ya ce shi dai ba ruwansa, amma ana kai labari Honiara. Jeriel ya ce a kai, in sun ga dama su haɗa da hotonsa. Ya yi imani Sista za ta ci. Mu ma da yawa mun ɗauka haka, don ba ka shiga gari ka ji mutum ɗaya yana yabon Mamba.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne yawan 'yan takara. Kusan kowace zuriya ta tsayar da ɗanta. Akwai tsohon shugaban makaranta, akwai mai sayen 'ya'yan koko, akwai wani fasto, har da wani da ake raɗe-raɗin Mamba ne ya biya masa kuɗin takara don ya raba ƙuri'un dangin Sista. Masu ƙin Mamba sun fi yawa nesa ba kusa ba, amma kowa ya bi ɗan uwansa. Waɗanda suka ci kwano da sola kuwa suka tsaya wuri ɗaya. Ko kashi ɗaya cikin uku Mamba bai samu ba, amma shi ya fi kowa, ya koma kujerarsa. A lokacin akwati-akwati ake ƙirga ƙuri'a, a faɗi sakamakon kowane gari. Akwatin Waimarao kusan duk na Sista ne.

Ba a jima ba Obed ya zo da samari da sifana. Bai ɗaga kai ya dubi Jeriel ba. Ya ce umarnin kwamitin mazaɓa ne, za a kai injin wani gari da ya fi bukata. Suka kwance shi, suka ɗora a kafaɗa. Kwale-kwalen suka bari a kife a kan yashi, kaji suna fakewa a ƙarƙashinsa.

Shekara ta zagayo, lokacin da iskar kudu ke kaɗawa ba sassauci, Lavinia matar maƙwabcinmu Hudson ta fara naƙudar ɗanta na fari. Ta yini ta kwana, washegari tsohuwar da ke karɓar haihuwa ta fito ta ce ɗan a gicciye yake, ya fi ƙarfinta. Aka kira garin da aka kai injin ta rediyon oba-oba na coci. Suka ce ba mai. Aka ce za mu biya. Suka ce matuƙin ya hau dutse gona, kuma sai da izinin kwamiti. Aka nemi Obed, shi ma ya yi ta kira, ba wanda ya sake amsawa.

Jeriel ya je ya dubi teku ya daɗe. Ya dawo ya ce a tura babban kwale-kwalen itace. Shi da Hudson da wasu maza biyu suka ɗauki filafili, ni kuma na zauna a tsakiya na ɗora kan Lavinia a cinyata, na rufe ta da tabarma saboda feshin ruwa. Da farko tana nishi tana matse hannuna. Ruwa yana shigowa, ina kwashewa da ƙoƙon kwakwa da hannu ɗaya. Maza suna tuƙi, iska tana mayar da mu baya. Rana ta take, ta fara karkata, ba mu ko kai hancin dutsen da ake kewayawa a shiga ruwa mai sauƙi ba. Can na ji hannunta ya saki nawa. Ban san yadda zan faɗa ba. Jeriel ne, da yake a baya yake zaune yana kallon fuskata, ya ajiye filafilinsa. Hudson yana gaba, ya ci gaba da tuƙi shi kaɗai har sai da aka taɓa kafaɗarsa.

Bayan an binne ta, dangin Hudson suka taru. Ba gidan Obed suka nufa ba. Ƙofar Jeriel suka zo suka zauna, maza da mata, wasu da adda a hannu. Tsoho Manasseh, kawun Hudson, shi ya yi magana, kuma a hankali ya yi ta.

"Ɗana, Mamba yana Honiara. Halinsa kowa ya sani, kai ka fi kowa faɗa. Ka san irin mutumin da ya ba ka injin nan, ka san rayukan da ke rataye da shi, ka ɗauka ka yi wasa da shi. Da ka bar shi inda yake, da yarinyar nan tana shayar da ɗanta yau."

Jeriel ya ce ai Manasseh ma Sista ya zaɓa. Tsohon ya ce ƙwarai kuwa, amma shi ba a ba shi amanar inji ba.

Ba wanda ya tsaya masa. Dagaci da Fada, limamin cocinmu, suka shiga tsakani, aka yanke diyya bisa al'ada. Jeriel ya ba da aladensa babba, Merilyn ta fito da jajayen igiyoyin wuri, kuɗin al'adarmu, da ta gada wurin uwarta, waɗanda take ajiye wa auren ɗansu. Aka karɓa, aka yi addu'a, aka sha hannu. Amma gaisuwa ta ragu. In ya nufo gindin bishiya sai hira ta mutu. Duk wanda ɗansa ya yi zazzaɓi mai tsanani, ko aka sare shi da adda a gona, sai idanu su koma kan gidan Jeriel. Sista Rhoda ta aiko da ta'aziyya. Fanshonta ya ƙare a takara, ta koma zama wurin ɗanta a birni, ba mu sake ganinta ba.

Jeriel ya daure har aka sake yin wani rashin, wani dattijo da fitsari ya ɗaure. A wannan karon ba wanda ya ce masa komai. Da jirgi na gaba ya zo ɗaukar busasshiyar kwakwa, Jeriel ya shiga, ya tafi Honiara. Abin da ya faru a can shi ya ba ni labari da bakinsa, shekaru bayan haka.

Ya ce ya iske tsakar gidan Mamba cike da mutanenmu tun da safe. Wasu sun kwana a baranda. Wannan an koro 'yarsa daga makaranta, wancan yana neman kuɗin jirgi ya koma gida, wata mijinta yana kwance a asibiti ba mai kai masa abinci. Matar gidan tana dafa shinkafa a wata ƙatuwar tukunya ana zuba wa kowa. Ya yi kwanaki yana zuwa yana zama. Ran da Mamba ya fito ya hango shi, bai bari ya ƙaraso ba, shi ya taho ya kama hannunsa, ya kira shi da sunan da uwarsa kaɗai ke kiransa da shi. Ya tambayi Merilyn, ya tambayi ƙafar tsohuwarsa. Ya san labarin Lavinia, har sunan mahaifinta ya faɗa.

Jeriel ya ce duk maganar da ya tsara a cikin jirgi ta gudu. Abin da ya iya faɗa kawai shi ne, "Ranka ya daɗe, na yi kuskure. Mutane suna mutuwa."

Mamba ya ja shi gefe, suka zauna a kan wani benci. Ya ce shi bai ce a ƙwace inji ba, 'yan kwamiti ne suka yi fushi, kuma ba zai iya tsawata wa mutanen da suka tsaya masa saboda waɗanda suka guje shi ba. Jeriel ya yi ƙarfin hali ya ambaci asibiti. Mamba ya nuna masa jama'ar da ke tsakar gida.

"Ƙanena, dubi nan. Kullum haka nake wayar gari. In na ɗauki abin da ke hannuna na zuba a rufin asibitinku, wa zai turo ma'aikaciya? Wa zai kawo magani? Wannan aikin ma'aikata ne, ni ba ni da iko a kai. Waɗannan kuma in na ce musu babu, na kashe a gini, kana jin za su yafe mini? Kowa da nasa yake zuwa. Inji kuwa zan iya. Shi zan ba ka."

Jeriel ya ce abin da ya fi ba shi haushi, har yau bai san ko ƙarya mutumin yake yi ba.

Ya dawo da sabon inji, wanda ya fi na da ƙarfi. Gari ya fito bakin ruwa, mata suna waƙa, aka yanka alade, Fada ya yayyafa wa injin ruwan albarka. Manasseh ya rungume shi. Merilyn kaɗai ba ta fito ba, ta ce kanta ke ciwo.

Tun daga nan bakin Jeriel ya mutu a gindin bishiya. Wasu suna zagin Mamba kamar da, ko ma fiye, shi kuwa sai ya yi ta taunar goronsa. Da zaɓe ya zo, shi ya yi jigilar mutanen Mamba da buhunan shinkafarsu, da hoton laima, alamar Mamba, a manne a gaban kwale-kwale. An canja doka a lokacin, an ce za a riƙa cakuɗa ƙuri'un garuruwa kafin a ƙirga, ba mai sanin wanda wani gari ya zaɓa. Ba wanda ya yarda. Obed bai yi wa kowa barazana ba, cewa kawai ya yi manya suna da hanyoyinsu na sani. Mamba ya ci. Bayan shekara huɗu ya sake ci. Bishiya ta tsiro a tsakiyar asibitinmu har ta fi bangon tsawo.

A zaɓen da ya biyo baya wani saurayi ya fito, Alick Sautehi, wanda ya yi karatu a ƙasar Fiji. Yana da hankali, maganarsa tana shiga. Ni dai ya burge ni. Na samu Jeriel yana gyaran raga na ce masa ko wannan karon za a gwada, tunda ba wanda zai sani.

"Ethel," ya ce, "a ce yaron nan ya ci. Ba shi da gida, ba shi da mota, danginsa sun sayar da aladunsu sun tsaya masa. Da su zai fara, kuma ba laifinsa ba ne. Kafin ya iso Waimarao mun binne mutum nawa? A ce kuma ya faɗi. Ke ce kika riƙe kan yarinyar nan, ba sai na gaya miki ba. Mamba ya san sunana. Ba sonsa nake yi ba. In na ga hotonsa a gaban jirgina kau da kai nake yi."

Na ce haka za mu zauna ke nan har abada. Ya ce shi bai san har abada ba, ya san dai Loisi matar ɗansa tana da ciki wata bakwai. Alick ya zo na biyu. Na ji yanzu yana aiki da wani kamfanin katako.

Ciwon suga ya daɗe a jikin Jeriel bai sani ba. Ya rame, yana yawan shan ruwa, muka ɗauka tsufa ne da rana. Wata rana yana jan kwale-kwale dutsen teku ya yanke shi a tafin ƙafa. Da akwai mai wanke ciwo a gari, da ba wani abu ba ne. Ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da shiga ruwan gishiri. Sau da dama ya kai marasa lafiya har ƙofar asibitin lardi ya juyo bai nuna tasa ƙafar ba, wai kada teku ta tashi ta tsare shi a can gari ba inji. Sai da wari ya hana Merilyn barci aka kai shi da ƙarfi. Daga can aka wuce da shi Honiara, aka yanke ƙafar daga gwiwa. Obed ya ba ɗan tasa ƙanwar injin.

A wannan shekarar ne labari ya zo cewa Mamba ma ciwon ya kwantar da shi, an fita da shi ƙasar waje, Brisbane. Ran Lahadi Fada ya ce a yi masa addu'a. Na zaci za a yi ta sama-sama ne, a wuce. Sai na ga coci ya yi tsit, mutane sun durƙusa da gaske, har da waɗanda jiya-jiya suke kiransa ɓarawo. Tsoro ne ya kama kowa. In ya mutu, wa zai hau? Wanda ake ganin zai gaje shi mutumin can bayan dutse ne, ba shi da ko kaka a garinmu. Jeriel yana zaune a ƙarshen benci, sandunansa a jingine da bango, ya sunkuyar da kai. Na ji amin ɗinsa daga inda nake.

Mamba ya warke ya dawo da ƙafafunsa biyu, ya sake tsayawa. Ranar zaɓe an yi ruwa, hanyar makarantar da aka sa akwati ta yi santsi, sanduna ba sa kamawa. Ɗan Jeriel ya goya mahaifinsa har rumfa. Da suka fito na tambayi Jeriel, cikin wasa, ko yau dai ya huce haushinsa tunda ba shi da injin da za a ƙwace. Bai yi dariya ba. Ya ce laima ya dangwala wa, jikokinsa a garin nan za su yi zazzaɓi.

Bayan an rantsar da Mamba, jirgi ya kawo wa Jeriel keken guragu, sabo fil a cikin leda, an rubuta sunan Mamba da fenti a bayansa. Obed ya tara mutane aka ɗauki hoto. Garinmu yashi ne da tsakuwa da saiwoyin bishiya, ko taku goma keken ba ya yi sai ya kafe. Jeriel ya gwada a ranar, ya kife, ya fasa leɓe. Yanzu keken yana baranda, Merilyn tana shanya wanki a kansa. Shi kuma yana zaune a tabarma kusa da shi yana ɗinke ragar mutane, duk wanda ya kawo ya ba shi kifi ko ɗan goro.